A Haɗa Masu Jego da Ƙungiyoyin Sa-kai Tun Kafin a Sallame Su Daga Asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in yi magana a kan wani aiki da wasu mata suke yi a unguwarmu ba tare da albashi ba, wato aikin dafa wa iyaye mata masu shayarwa. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, kuma shekara biyar ke nan ina cikin wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai wadda mambobinta suke zagayawa gidajen masu jego, suna kuma zama sau ɗaya a mako domin duk mai shayarwar da wani abu ya shige wa duhu ta zo ta tambaya. Ni ba likita ba ce, ba kuma ungozoma ba, saboda haka abin da zan faɗa ya fito ne daga abin da idona ya gani, da horon da ma'aikatan lafiya suka ba mu, da kuma abin da na bi diddiginsa na karanta domin kada in faɗa wa wata uwa abin da ba shi ke nan ba.

Kowace shekara, daga ranar 1 zuwa 7 ga watan Agusta, ana gudanar da Makon Shayar da Nonon Uwa na Duniya, wanda aka fara tun shekarar 1992. A wannan mako jaridu da gidajen rediyo sukan cika da kira ga iyaye mata, kuma kiran daidai ne: a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwarsa, a ba shi nono zalla har wata shida ba tare da ko ruwa ba, sannan a ci gaba da shayar da shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Wannan shi ne matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a shekarar 2016 cewa da za a shayar da kusan dukkan jarirai yadda ya kamata, da an ceci rayukan yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 823,000 a kowace shekara, da kuma mata kimanin 20,000 da sankarar mama take kashewa. Duk da haka, alƙaluman da hukumomin biyu suka fitar a shekarar 2023 sun nuna cewa kashi 48 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida a duniya suke samun nono zalla.

Abin da shekarun nan biyar suka nuna mini shi ne, mafi yawan matan da suka kasa cika wata shidan nan sun ji kiran sarai, da yawansu ma sun ƙudurta za su yi tun suna zuwa awon ciki. Abin da yake karya su yakan faru ne a dare na uku ko na huɗu bayan haihuwa, a cikin ɗaki, a lokacin da ma'aikaciyar jinyar da ta yi musu lacca take gidanta tana barci, jariri kuma yana ta tsala kuka, duk wanda ya leƙo sai ya ce yunwa ce ko ƙishirwa.

Ni ma haka ya faru da ni a haihuwata ta fari. An sallame ni daga asibiti sa'o'i kaɗan bayan na sauka, kuma iyakar abin da aka ce mini a kan shayarwa shi ne in ba shi nono zalla, ba tare da wani ya tsaya ya ga yadda yaron yake kamawa ba. Kafin kwana huɗu kan nonona ya tsage har yana fitar da jini, nonon ya cika ya yi tauri kamar dutse, yaron kuma idan ya kama sai ya saki ya ɓarke da kuka. Duk lokacin da na ji ya motsa sai gabana ya faɗi, saboda na san azabar da take jirana. Har an saya mini madarar gwangwani an ajiye a gefen gado, sai wata maƙwabciyarmu, mace mai 'ya'ya biyar wadda ta taɓa samun horo a kan wannan fanni, ta shigo duba ni. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ɗauke gwangwanin ba. Ta wanke hannunta ta zauna kusa da ni ta ce, «'Yata, sa shi in gani.» Da na sa shi, sai ta nuna mini cewa na kwantar da shi rigingine ne, wuyansa a karkace, kuma kan nonon kaɗai yake tsotsa. Ta juyo shi cikinsa ya manne da cikina, ta daidaita hancinsa da kan nonon, ta ce in jira sai ya buɗe baki sosai kamar mai hamma kafin in jawo shi jikina. Da ya kama, haɓarsa ta taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, mafi yawan baƙin da ke kewaye da kan nonon ya shige bakinsa, sai na ji zafin ya ragu nan take, na kuma fara jin ƙarar haɗiyarsa. Duka-duka abin bai kai rabin sa'a ba, amma shi ne ya sa na shayar da yaron nan har na yaye shi, kuma matar ta ci gaba da leƙo ni kullum har tsawon mako biyu.

Na daɗe ina tunanin wannan rabin sa'a, domin babu magani a cikinta, babu na'ura, babu kuɗi. Ilimi ne ɗan kaɗan da yake hannun wata mace, ya kuma iso gare ni a daidai ranar da nake bukatarsa. Mutane suna ɗauka cewa tunda shayarwa halitta ce, kowace mace za ta iya ba tare da an koya mata ba, alhali kuwa uwa da jariri dukansu koyo suke yi, kuma abin da ake koya da hannu da ido ba a koyon sa daga takardar da aka manna a bangon asibiti. Wannan ne ya sa, bayan na haifi na biyu, muka haɗu da wannan maƙwabciya da wasu mata muka fara zaman da ya zama ƙungiyarmu a yau.

Ƙorafin da muka fi ji, ya fi kowanne yawa nesa ba kusa ba, shi ne «nonona ba ya isar sa». A nan ne ɗan sanin yadda jiki yake aiki yake da matuƙar amfani. A kwanakin farko abin da yake fitowa dakashi ne, mai kauri da launin rawaya, kuma kaɗan ne ƙwarai, sai uwa ta ɗauka ba ta da nono, wasu ma su matse shi su zubar suna ganin ba shi da kyau. Gaskiyar magana ita ce cikin jariri a ranar farko ba ya ɗaukar fiye da cokalin shayi ɗaya ko biyu a kowane sha, kuma dakashin nan cike yake da sinadaran garkuwar jiki waɗanda suke kare shi daga gudawa da cututtukan numfashi. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai nono ya zo sosai. Daga nan kuma ƙa'idar guda ce: gwargwadon yadda jariri yake tsotsa yana kwashe nonon, gwargwadon yadda jikin uwa yake ƙara samar da wani, domin tsotson ne yake sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadaran da suke haɗa nono su kuma tunkuɗo shi. Idan aka ba yaro madara ko ruwa ya ƙoshi, sai ya rage tsotso, nono ya ragu, uwa ta ƙara tsorata ta ƙara madara, a haka a haka har nonon ya ƙafe da gaske, a ce ai dama ba ta da shi. Sau nawa muka ga an kai ga wannan a kan matar da tun farko lafiyarta ƙalau!

Saboda haka ba ma yi wa uwa gardama idan ta ce nono bai isa ba, sai mu ce mu lissafa tare. Jariri sabon haihuwa yakan sha sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, kuma yawan neman nono a wannan lokaci ba ya nufin nonon bai isa ba. Idan ya wuce kwana biyar yana jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a kullum da fitsari mai haske, yana kashi, yana sakin nono da kansa jikinsa a sake, to yana samu. Raguwar nauyi kaɗan a kwanakin farko abu ne da aka saba gani, kuma yawanci yakan dawo nauyin haihuwarsa cikin mako biyu, sikeli a wurin awo kuma shi ne alƙali. Akwai wata yarinya mai haihuwar fari da ta zo zamanmu idonta ya kumbura don kuka, mun ba ta takarda da fensir muka ce ta riƙa jan layi duk lokacin da ta canza kunzugu. Washegari da na je gidanta, tun daga bakin ƙofa ta miƙo mini takardar da layuka takwas a kai, tana dariya tana share hawaye. Batun ruwa kuwa, muna bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, don haka ko a lokacin zafi abin da jariri yake bukata shi ne a ƙara sa shi a nono, uwar kuma ita ce za ta sha ruwan.

Malam Edita, ba mu muka ƙirƙiro wannan hanya ba. A shekarar 1956 wasu mata bakwai a kusa da birnin Chicago na Amurka suka fara taruwa a gidan ɗaya daga cikinsu domin taimaka wa junansu, a zamanin da madarar gwangwani ta kusa korar nonon uwa a ƙasarsu, kuma wannan zama shi ne ya zama ƙungiyar La Leche League da take aiki a ƙasashe da dama a yau. A shekarar 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da matakai goma na samun nasarar shayarwa, waɗanda a kansu aka gina shirin asibitoci masu ƙaunar jarirai a shekarar 1991, kuma mataki na goma ya ce a ƙarfafa kafa ƙungiyoyin tallafa wa masu shayarwa, a kuma tura iyaye mata gare su idan za a sallame su. Da aka sabunta matakan a shekarar 2018, an sake jaddada cewa a tsara sallama ta yadda uwa da jaririnta za su ci gaba da samun tallafi a kan kari. A shekarar 2018 ɗin ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kowace mace ta sami zaman ba da shawara a kan shayarwa aƙalla sau shida, tun daga goyon ciki.

An kuma gwada abin an gani. A birnin Dhaka na Bangladesh, wani bincike da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa a unguwannin da aka horar da iyaye mata suka riƙa ziyartar 'yan'uwansu a gida, kashi 70 cikin 100 na mata suna ba da nono zalla a wata na biyar, alhali a unguwannin da ba a yi haka ba kashi 6 ne kacal. Wani binciken irinsa da aka buga a shekarar 2011 ya sami kusan ninki biyu na masu ba da nono zalla a Uganda da fiye da haka a Burkina Faso, inda adadin ya kai kashi 79 cikin 100 a mako na goma sha biyu, idan aka kwatanta da kashi 35 a ƙauyukan da ba a kai ziyarar ba. A Afirka ta Kudu, wadda ita ma tana cikin binciken, ƙarin bai taka kara ya karya ba, kuma na ambaci wannan ne domin a san cewa 'yan sa-kai kaɗai ba sa isa idan sauran abubuwan da suke kewaye da uwa suna jan ta wani gefen.

Dole ne in faɗi iyakarmu, domin ƙungiya irin tamu tana iya cutarwa idan ta wuce gona da iri. Ba ma rubuta magani, ba ma gano cuta. Idan muka ga jariri ya ƙi kama nono gaba ɗaya, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tashi sha, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, ko idonsa da fatarsa sun yi rawaya irin na ciwon shawara, ko numfashinsa ya yi sauri, asibiti muke cewa a tafi nan take, sau da yawa ma ɗaya daga cikinmu ce take raka su. Haka nan idan nonon uwa ya kumbura ya yi ja tana zazzaɓi, ko muka lura ta shiga damuwa mai tsanani, ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta son ɗaukar yaron. Bakwaini, da tagwaye, da matar da aka yi wa tiyata, da wadda take shan magani na dogon lokaci, duk muna tafiya da su ne bisa abin da ma'aikatan lafiya suka tsara. Akwai kuma matan da, saboda rashin lafiya ko wani dalili na gaskiya, ba za su iya shayarwa ba ko nononsu ba zai wadatar ba, akwai kuma jariran da suka rasa uwayensu. Ƙa'idarmu ce cewa babu wadda za a kunyata a zamanmu don ta ba ɗanta madara. Irin wannan uwa tana bukatar a nuna mata yadda ake haɗa madarar da tafasasshen ruwa bisa ma'aunin da aka rubuta, da yadda ake tsabtace kofi, fiye da yadda take bukatar a tuna mata abin da ta rasa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma macen da aka yi wa gori sau ɗaya ba ta sake dawowa, ko da kuwa gobe ɗanta ya shiga hatsari.

Wani darasin da muka koya da wahala shi ne, uwa ba ita kaɗai take yanke shawara a kan jaririnta ba. Za ka zauna da ita ta gamsu, amma da dare kakar yaron ta ce ita ta raini takwas kuma duk ta ba su ruwa, ko maigida ya gaji da kuka ya shigo da gwangwani don tausayi. Waɗannan mutane ƙaunar yaron ce take sa su, don haka yanzu idan muka shiga gida, kakar muke fara gaisarwa, mu nemi ta zauna tare da mu, mu tambaye ta abin da ta gani a nata zamanin kafin mu faɗi namu. Kakar da aka girmama takan zama ita ce mai tsaron nonon, ita ce mai hana baƙi ɗura wa yaro wani abu. Maza kuma muna roƙon su abu mai sauƙi: su tabbatar mai jego ta ci ta ƙoshi, a rage mata aiki, a karɓi yaron bayan ya sha domin ta runtsa.

Akwai abu ɗaya da muka ƙi, kuma ina son a san dalili. An taɓa kawo mana tayin taimako daga wakilin wani kamfanin madarar jarirai, da kujeru da jakunkuna da 'yan gwangwanaye na kyauta da za mu raba wa mata. Muna bukatar kujerun ƙwarai, amma mun mayar da tayin. Tun shekarar 1981 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙa'idar tallan abincin da yake maye gurbin nonon uwa, wadda ta hana tallata irin wannan madara ga jama'a, ta hana raba samfurin kyauta ga iyaye mata, ta kuma hana ba ma'aikatan lafiya kyaututtuka don su tallata ta. Gwangwanin kyauta yakan ƙare ne a daidai lokacin da nonon uwa ya riga ya ragu, daga nan iyali sun shiga sayen da ba su shirya masa ba, wasu har su riƙa tsinka madarar da ruwa don ta daɗe, yaro ya kamu da tamowa.

Mata masu aiki su ne suka fi ba mu tausayi, domin nasu ya fi ƙarfin shawararmu. Muna koya musu tatsar nono da hannu a cikin kofi mai tsabta da murfi, da cewa yana iya kai kimanin sa'a huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, ko kwana huɗu a firji, kuma a ba yaro da kofi ko cokali. Amma macen da ba ta da wurin da za ta keɓe ta tatsa a wurin aiki, ko aka kira ta ta koma tun yaro bai yi ƙwari ba, me za mu ce mata? Yarjejeniya mai lamba 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta tanadi hutun haihuwa na aƙalla mako 14 da kuma lokacin shayarwa a cikin sa'o'in aiki ba tare da an yanke albashi ba, amma miliyoyin mata masu aikin hannu da ƙananan sana'o'i ba su ma san da ita ba.

Babban roƙona ga shugabannin asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya shi ne su aiwatar da mataki na goman nan da na ambata. A yanzu yawancin matan da suke zuwa wurinmu, ta bakin wata suka ji labarinmu, kuma sau da yawa sai bayan mako uku ko wata guda, lokacin da nono ya riga ya ragu, yaro ya saba da bulumboti, gyara kuma ya yi wuya. Da a ce kafin a sallami kowace mai jego ungozoma za ta tsaya ta ga an sa yaro a nono sau ɗaya, sannan ta nemi izininta ta ba ta lambar wayar wata 'yar sa-kai da ke kusa da gidanta, da mun isa gare ta a kwana na biyu ko na uku. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi. Muna kuma bukatar a riƙa sabunta mana horo ko da sau ɗaya ne a shekara, a kuma ware mana ma'aikaciyar jinya guda da za mu iya kira idan abu ya fi ƙarfinmu, domin mu ma muna iya kuskure, kuma mun fi son a gyara mana kafin kuskuren ya kai ga jariri.

Ga wannan jarida kuma, ina roƙon kada maganar shayarwa ta tsaya a makon farko na Agusta. Ku turo wakiliyarku ta zauna da ƙungiyoyi irin tamu ta ji tambayoyin da mata suke yi da bakinsu, ku kuma gayyaci ungozomomi su riƙa amsa su a shafinku na lafiya. Ga matan da suka shayar suka yaye kuma suke da sa'a biyu a mako, su je cibiyar lafiya mafi kusa su tambaya ko akwai ƙungiya irin wannan, idan babu su nemi a horar da su su fara, ko da su uku ne. Mu a namu zaman, masu jego sun fi ƙarfin hannayen da muke da su, kuma a watan da ya wuce akwai gidaje biyu da ba mu samu isa gare su ba sai bayan kwana goma da haihuwa.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu jego lafiya.

Wassalam,
Wata uwa, 'yar sa-kai a ƙungiyar tallafa wa masu shayarwa.